Ranar Da Na Fito Da Babanku Daga Cikin Kura

Na sha jin yadda ake ba ku labarin tashinmu daga gidan Alhaji Babba, kowa da irin gishirin da yake sa wa miyar. Wasu sun ce babanku ne ya watsa wa zuriyarmu ƙasa a ido. Wasu sun ce Alhaji ne ya kori ɗan ƙaninsa don mugunta. Duk ba haka ba ne. Ni na yi abin, da bakina, a gaban jama'a, da rana tsaka. Tunda kuma Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami da furfura a kaina, ba zan bar wani ya rubuta mini shi a karkace ba.

Kakanku ya kawo ni Libreville ina amarya, muka sauka a gidan yayansa, Alhaji Babba, a unguwar Derrière la Prison. A nan na haifi 'ya'yana, a nan na yi takaba da kakanku ya rasu, kuma Alhaji bai taɓa nuna mini ƙofa ba. Ku riƙe wannan kafin ku ji sauran. Duk baƙon da ya sauko daga Kano ko Damagaram ko Garwa, gidansa yake fara shan ruwa. In 'yan sanda sun kama wani babu takardar zama, Alhaji ne zai sa babbar riga ya je ya tsaya a ofis har a sako shi. Mutum ne mai magana ɗaya. Wannan shi ne alherinsa, shi ne kuma ciwonsa.

Babanku ɗan farina ne. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan ba, don na ga iyayenku mata suna kiran ɗan fari da sunansa kamar abokin wasansu. A namu tashin, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yaba shi a gaban mutane, ko magana za ta yi masa sai ta kalli bango. Yana ƙarami “wancan” nake ce masa. Da ya koyi ɗinki mutane suka sa masa Tela, sai na samu sauƙi na bi sahunsu. Ta kan ɗinkin nan ne wata 'yar Gabon mai shirya wasan kwaikwayo, Madam Odil, ta san shi. Ta kawo masa kayan 'yan wasanta ya ɗinka, ta ga hannunsa, sai ta tambaye shi ko zai iya ɗinka mata dabbobi manya, irin waɗanda mutum ke shiga ciki ya motsa su. Ya ce zai iya. Suna hira ya ba ta wata tatsuniyar kura da nake yi musu suna yara, ita kuma ta juya ta, ta ƙara nata, ta ce ita za a yi a dandali. Ta ce shi zai ɗinka kurar, shi zai shige ta.

Magana ba ta kwana a unguwarmu. Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a kan tabarmarsa, carbi a hannu, bai ko ɗago ba.

“Rakiya, an ce yaron nan gumaka yake ɗinkawa.”

“Yaya Alhaji, 'yar tsanar da jikarka ke goyo a tsakar gida fa? Ita ma gunki ce?”

“Kar ki kawo mini fatawa, ba ki da karatunta.”

“Ba ni da karatu, amma ina da ido. Buhu ne da soson katifa.”

Ya ajiye carbin. Ya ce mu baƙi ne a ƙasar nan, ba mu da gona, ba mu da kabarin kakanni, abin da muka mallaka kaf shi ne a ce Bahaushe mutumin kirki ne. Ya ce ranar da aka ga ɗan gidansa yana rarrafe cikin fatar dabba mutanen gari da Turawa na dariya, da wane ido zai shiga ofis neman alfarma, kuma wane uba ne zai ba yaron 'yarsa? Na ce yaron ba sata ya yi ba. Muka ja, muka ja, har ladan ya kira azahar. A ƙarshe ya ce ya ji, ya yi aikinsa, tunda ba a ganin wanda ke ciki.

“Amma ki saurara. Kar a ga fuskarsa, kar a ji sunansa a wurin nan. Ranar da aka gani, ya gama kwana a gidana. Kin san ni.”

Na ce na sani. Limamin masallacinmu na zaune a gefe, a kunnensa aka yi.

Kurar farko da Tela ya ɗinka, a ɗakina ya buɗe ta, ƙofa a rufe. Yaro ne da aka haifa a bakin teku, bai taɓa ganin kura ba sai a waya. Na dube ta, na dubi bango, na ce a tambayi mai ɗinkin nan karen wane Bature ne wannan. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, amma haka muke magana. Ya yi dariya ya ce a gaya wa Inna ta gyara masa. Na ce a gaya masa kura ba ta da ƙugu, gabanta ya fi bayanta tsayi, kanta a ƙasa kamar mai neman allura, kuma tana tafiya tana ɗingishi kamar wadda ta yi laifi tana jiran duka. Bai gane ba. Sai na ɗaure zanina tamau, ni da girmana, na duƙa da hannu da gwiwa na zagaya ɗakin nan. Na ga gardawa 'yan wasa da kura a ƙauyenmu tun ina yarinya, ban manta ba. Ya kwance ta ya sake. Ya sa buhun shinkafa a ciki, soson katifa a kafaɗa, wayar ƙarfe a haƙarƙari, gashin doron kuma tsohon gashin kanti ne da ya tsinto a shagunan kitso. Ranar da ya shiga ta biyun ya juyo da kai ya dube ni, sai da na ja da baya na yi a'uzu.

A shekarar nan ce na shiga ajin manya, inda wata malama 'yar gari ke koya mana karatu da Faransanci bayan mun tashi kasuwa. Niyyata in je kallon wasan ni kaɗai, in zauna can baya, in dawo ban ce wa kowa komai ba. Sai ga malama ta shigo aji da murna, wai ta samo mana izinin shiga wani wasa ranar Asabar da rana, don kunnenmu ya saba da yaren. Wasan Madam Odil ne. In na ce kar a je, sai an tambaye ni dalili. Matan sun san Tela na yi wa 'yan wasa ɗinki, ba su san yana shiga ciki ba. Muka cika bas guda, kowa da gyalenta na biki. Kande mai ƙosai, aminiyata, wadda bakinta ba shi da murfi, tun a mota take mita.

“Tatsuniya da rana? Wallahi yau sai mun ɓata a hanya. Direba, ka riƙe hanyar gida da kyau!”

A kujerar bayanmu Jummai ce, 'yar Garwa, yarinya mai shiru, da ɗanta Bello a goye. Yaron ya wuce yaye da daɗewa, ƙannen bayansa a unguwa suna gudu, shi ko tsayuwa ba ya yi, ƙafafunsa sun lanƙwashe. An taɓa kai shi asibiti, likita ya ce a riƙa dawo da shi, amma Jummai ba ta jin abin da suke faɗa, kuma wata ma'aikaciya ta daka mata tsawa, sai ta daina zuwa. Abin da ta sa a ranta shi ne mijinta ya kai ta arewa ta nemi gardawa. Ku ba ku san wannan ba: a wajenmu, in yaro ya ƙi tafiya, ana jiran masu wasa da kura su zo gari, a ɗora shi a bayanta, a tsinko gashinta a yi masa turare. A Gabon kuwa ina za ka ga gardi?

Gidan wasan duhu ne a ciki da sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye kifi. Akwai 'yan makaranta, akwai mutanen gari da iyalansu, akwai Turawa a gaba. Kafin a fara, wani ya fito ya ce a kashe waya, a yi shiru. Malama ta juyo ta ɗora yatsa a baki tana kallon Kande. Sai fitila ta kama, wata 'yar wasa ta fito, ashe Tela ya koya mata yadda ake buɗe tatsuniya. Da karkataccen harshenta ta ce ga ta nan ga ta nanku. To wa zai hana Bahaushiya amsawa? Layinmu gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, “Ta zo mu ji ta!” har 'yar wasan ta razana. Wani mai tabarau a gabanmu ya waiwayo yana huci yana cewa a yi shiru. Kande ta ce wa ya taka wa wannan wutsiya.

Labarin, fari ne ya ci dajin kura, ta taso ta bi hanya har garin awaki da ke bakin teku, tana neman wurin zama. Da ta leƙo daga bayan labule, 'yan makaranta suka yi ihu, wata tsohuwa a cikinmu ta ja gyale ta rufe fuska tana karanta ayatul kursiyyu. Ni kuwa ƙafafun nake kallo. Ɗingishin nan nawa ne, na ɗakina. Ba zan iya yabo ba, sai na cije bakin gyale. A ƙofar gari wani bunsuru mai hular ɗan sanda ya tare ta ya ce papiye, wato takarda. Kura ta shafa ƙirji, ta shafa ciki, ta leƙa ƙarƙashin wutsiya, babu. Mutanen gari suka fashe da dariya. Mu ba mu yi dariya ba, don babu wadda a cikinmu ba a taɓa sauke ta daga mota a kan wannan kalmar ba. Sai Kande ta miƙe tsaye.

“Ba shi na goro, 'yar uwa, ya bar ki ki wuce! Kar ki tsaya gardama da shi!”

Ba su ji Hausa ba, amma sun gane. Wasu samari can baya, daga ganinsu baƙi ne irinmu, suka hau tafi. Daga nan shirun gidan ya karye. Duk inda kura ta nufa muna gaya mata hanya, 'yan makaranta suka shigo ciki da nasu yaren, mai tabarau ma na gan shi yana goge ido don dariya. Da aka zo inda awaki suka rufe mata ƙofofinsu, ta je bakin ruwa ta zauna ta juya fuska arewa ta yi kuka, sai layinmu ya yi tsit. Na ji ana jan hanci dama da hagu. Tun da aka halicci Bahaushe ban taɓa jin an yi wa kura hawaye ba sai ranar.

Da aka gama, 'yan wasa suka fito daga cikin dabbobinsu suna rusunawa ana tafi. Kura kaɗai ta zauna yadda take, kamar yadda muka shirya da Madam Odil. Na ce alhamdu lillahi, mun tsallake. Sai Madam ta ce yara na iya hawowa su taɓa dabbobin. Ban ankara ba na ga Jummai a kan dandali. Ta kwance goyo, ta durƙusa, ta ɗora Bello a doron kura ta riƙe shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana tsinkar gashi tana cusawa a bakin zani, bakinta na motsi. Turawa suka ɗaga waya suna ɗaukar hoto, a ganinsu wasa ne mai daɗi. Wasu mata biyu daga cikinmu suka tashi su ma, ɗaya tana cewa a tsinko mata na jikanta. Na hau na dafa kafaɗarta.

“Jummai, sauke yaron nan. Buhu ne.”

“Na san ba mai rai ba ce, Hajiya, ni ba yarinya ba ce. Amma fatar ta gaske ce. Ji warinta.”

“Warin gumin mutum ne.”

“Ke 'ya'yanki duk sun taka. Ki bar ni. Allah ne ya kawo mini ita har inda nake.”

Fuskarta ce ta tsorata ni. Tun da na san yarinyar nan ban taɓa ganin ta da haske irin na lokacin ba. Na san abin da zai biyo baya: za ta koma gida ta turara gashin kanti, ta zauna jira, wata ya bi wata, ƙafafun yaron na ƙara bushewa, asibiti kuwa ta yi sallama da shi har abada. Na kuma san in aka bar abin haka, maganar Alhaji ta tabbata, ɗana ya ɗinka abin da ake durƙusa wa ana neman lafiya. Kurar na rawa a ƙarƙashin yaron. Wanda ke ciki yana jin komai ta ramin baki, kuma ba zai motsa ba, don ya yi mini alkawari. In na ce Tela, zai ɗauka gargaɗi nake yi masa ya ƙara lafewa. Hanya ɗaya ce zai san da gaske nake.

“Haruna! Fito.”

Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Kande ta dafe baki da hannu biyu. Matan nan, wallahi, jin sunan a bakina ya fi girgiza su a kan ganin cikin kura ya buɗe. Ya zuge ta daga ƙasa, ya fito jiƙe sharkaf, ya karɓi Bello ya rungume, sannan ya juya fatar ya nuna wa Jummai cikinta, ga tambarin kamfanin shinkafa ɓaro-ɓaro.

“Yi haƙuri, Yaya Jummai. Ni na ɗinka ta. Gashin ma na shagon kitso ne.”

Gidan ya ɗauki tafi, don su a ganinsu gwanin wasan ne ya fito a ƙarshe. Ana tafi Jummai na kuka. Ta kwance bakin zaninta ta zubar da gashin a ƙasa, ta fizge ɗanta, ta dube ni ta ce Allah ya isa. A bas ɗin komawa ko Kande ba ta yi magana ba.

Labari ya riga mu isa gida, da hoto ma. Washegari da hantsi Alhaji ya kira ni. Na gaya masa yadda aka yi tun daga farko, ban rage ba. Ya ce da shi ne a wurin, bai san abin da zai yi ba. Sannan ya ce amma magana ya yi a gaban liman, kuma in ya janye ta yau, gobe ba wanda zai yarda da shi in ya tsaya wa wani. Ya ce ni in zauna, ɗakina nawa ne har mutuwa, yaron ne kawai zai fita. Na ce wanda aka kira ya amsa ba shi ne mai laifi ba, in za a kori wani a fara da mai kiran. Ya ce kar in yi taurin kai. Na ce a gidansa na koya.

Muka koma unguwar Nzeng-Ayong, ɗaki biyu a cikin kwari, inda in aka yi ruwa sai mun ɗora katifa a kan tebur. Kar wani ya ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Na bar ɗakin da na haihu a ciki, na bar maƙwabtan da muka tsufa tare, masu sayen atamfata rabi suka koma wajen wasu. An yi bukukuwa a tsohuwar unguwa ban ji ba sai bayan an watse. Kande ce kaɗai ke hawo mota ta zo ta zage ni ta ci tuwona ta koma. Jummai kuwa ta yi watanni in ta hango ni a kasuwa sai ta canza layi. Rannan da safe na buɗe ƙofa na gan ta tsaye da goyo. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce an ce yanzu ina jin Faransanci, in zo in raka ta asibiti. Na ɗauki gyalena. Mun yi ta zarya har na haddace fuskar masu gadi, aka sa wa yaron takalman ƙarfe, aka yi ta gasa ƙafafun ana motsa su. Bellon da kuke gani yana jan ƙafa ɗaya yana buga ƙwallo da ku, shi ne.

Da babanku ya ga mamanku, sai ga abin da Alhaji ya faɗa ya zo. Iyayenta suka ce ina manyansa? Na aika wa Alhaji, ya ce shi ba zai je nema wa wanda ya fitar daga gidansa aure ba. An kusa fasawa. Mijin Jummai ne ya tattaro dattawan Garwa suka je suka zauna, suka ce su ne iyayensa. Ranar ɗaurin aure an yi ruwa da safe, layinmu duk laka. Ina cikin gida da mata sai Kande ta zo ta ja ni ta ce in leƙa. Can ƙarshen taro, bayan sahun yara, Alhaji Babba ne tsaye, bai hau tabarma ba, hannuwansa a sama ana fatiha. Ya tsufa ƙwarai a 'yan shekarun nan. Da aka shafa ya juya zai tafi, na bi shi ba ko takalmi.

“Yaya Alhaji, ba za ka shigo ka sha ruwa ba?”

“Ƙafata da laka.”

“Akwai buta.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ya tambaye ni ko gaskiya ne yaron nan na 'yar Garwa ya taka. Na ce ya taka. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

“Rakiya, da a ce za a maimaita ranar nan?”

“Zan kira shi.”

“Ni ma zan kore shi.”

“Na sani, Yaya.”

Sai ya yi dariya, ni ma na yi, muna tsaye cikin laka kamar yara. Ya tattare babbar rigarsa ya hau tudu wajen masu taksi, ban koma ciki ba sai da ya shiga mota. Babanku bai sake kwana a gidan Alhaji ba har Alhajin ya koma ga Allah, amma yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari. In kun bi ta ƙofar gidan, ku shiga ku gaishe da mutanen ciki. Danginku ne.